Wa Za Ka Ba Ajiya? Tarihin Adana Kuɗi a Kano

Kafin zuwan Turawa, kuɗin da Kanawa suka fi ciniki da shi wuri ne, kuma wuri abu ne mai wuyar ajiya. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Keso guda, wato buhun da ke cin wuri 20,000, dala takwas ke nan kacal, amma sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗora shi a ka. Biyar-biyar ake ƙirga shi a kan tabarma, ciniki ɗaya kan cinye hantsi. Saboda haka mai dukiya ba ya barin ta a wuri. Yakan juya ta ta koma turkuɗi da kore, ko doki, ko kanwa da gishiri, ko shanu a hannun Fulani, ko kuma bayi, abin da bai kamata mu ɓoye ba in muna ba da tarihin wancan zamani. Ɗan abin da ya rage a zuba a tukunya, a liƙe bakinta, a binne a ƙuryar ɗaki.

Matafiyi shi ne ya fi kowa buƙatar wurin ajiya. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan yi watanni a hanya, kuma ba su da dangi a garuruwan da suke sauka. Abin da suke da shi maigida ne, fatoma. Shi zai ba baƙo masauki, ya adana masa kaya, ya samo masa dillali, ya tsaya masa in za a ba shi bashi, ya riƙe masa kuɗi har ya dawo baɗi. Babu takarda a tsakaninsu sai shaidu da suna. In aka ji labari sau ɗaya cewa wane ya ci amanar baƙonsa, ayari na gaba gidan maƙwabcinsa zai nufa, gidansa kuwa ya mutu ke nan. Ga kuma shari'a a bayan al'adar. Duk almajirin da ya karanta Risala ya wuce ta kan hukuncin ajiya: wanda aka ba amana ba ya biya in ta salwanta ba da sakacinsa ba, amma in ya taɓa ta ko ya juya ta, ta hau wuyansa. Alƙalai da wannan suke yanke hukunci.

Na tsaya a kan wannan ne domin ina yawan jin ana cewa mutanen Arewa ba su san amfanin banki ba. Ni ban yarda ba. Mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna barin dukiyarsu a hannun wani a Salaga ta ƙasar Gwanja, su dawo bayan shekara su karɓa cif, sun san ajiya ciki da bai. Abin da suke nema a wurin mai riƙe musu kuɗi bai taɓa sauyawa ba: su san shi, su iya kaiwa gare shi, ranar da suka zo nema su samu, kuma kada a cusa musu abin da addininsu ya hana. Duk tarihin banki a Kano labarin yadda ya cika waɗannan ne, ko ya kasa.

Turawa sun ci Kano a 1903. A 1904 aka hana shigo da wuri, aka kuma matsa a riƙa biyan haraji da kuɗin Bature. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, shekarar da aka kafa hukumar buga kuɗi ta Afirka ta Yamma. Nan da nan sule da sisi da taro da kwabo da anini suka cika kasuwa. Manomi ya karɓi azurfa hannu bibbiyu, don ana iya binne ta, ana iya ba maƙeri ya ƙera wa amarya awarwaro. Kuɗin takarda kuwa, da aka fito da shi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya saboda ƙarancin azurfa, ƙin sa aka yi, har wanda ya karɓa yakan sayar da shi a faɗuwa don ya sami tsaba. Ba jahilci ba ne. Gara tana cin takarda, gobara tana cinye ta, damina tana ruɓar da ita.

Bank of British West Africa, wanda yau ake kira First Bank, an kafa shi a 1894, kuma ya biyo jirgi zuwa Kano. Daga baya Barclays, kakan Union Bank, ya zo. Amma ba don mutumin cikin birni aka buɗe su ba. A wajen ganuwa suke, kusa da tasha da kantunan kamfanoni, abokan hulɗarsu kuwa gwamnati ce da baitulmalin En'e da kamfanonin sayen gyaɗa da Kwarori. Wanda ya shiga, da Turanci za a yi masa magana, a ce ya sa hannu da boko, shi da ya iya ajami tun yana yaro. In ya nemi rance a ce ya kawo jingina irin wadda ba shi da ita. Sannan ga kuɗin ruwa, wanda malaminsa ya gaya masa haramun ne ci da bayarwa.

Shi ya sa abin da Alhassan Ɗantata ya yi a 1929 ya zama labarin da har yau ake bayarwa: ya kai kayan raƙumi 20 na tsabar azurfa ajiya a wannan banki, kuma bai yarda a ɗora masa ruwa a kai ba. Mutumin da ya yi fataucin goro har Kumasi da Akara, ya zama babban mai saya wa kamfani gyaɗa, dukiyarsa ta fi ƙarfin tukunya da adaka. Ya ɗauki abin da yake buƙata a wurin banki, wato ɗakin ƙarfe da sauƙin biyan kuɗi daga nesa, ya bar musu abin da ba ya so. Attajirai da yawa sun bi sawunsa a kan haka, har yau kuwa akwai masu asusun ajiya da ke ware ɗan ruwan da aka zuba musu su bayar da shi can, ba sa haɗa shi da guminsu.

Talaka kuwa, da mata musamman, hanyarsu daban ce, kuma ita na fi sani, don a cikinta na tashi. Kakata ta wajen uba tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida, ba ta fita. Tana da asusu na yumɓu, ɗan ƙunduƙuƙu mai tsaga a sama, a binne a bayan gadonta, bakinsa kaɗai ke waje. Abin da ya shiga ba ya fita sai an fasa, kuma ba a fasawa sai Salla ta gabato ko an sa ranar wata jika. Amma babbar ajiyarta adashi ne. Kowace Juma'a da hantsi za ta ƙulle zubinta a bakin tsumma, ta miƙa mini ta ce, “Maza kai wa uwar adashi, ka ce ina gaishe ta, kada ka tsaya wasa a hanya.” Uwar adashin tsohuwa ce mai sayar da daddawa a lungu na uku. Ba ta karatu ba ta rubutu, amma ta san zubin kowa da ranar kwasar kowa, ta san wadda ta shiga hannu biyu da wadda suka haɗa hannu ɗaya da kishiyarta. In haihuwa ko rasuwa ta faɗo wa wata kafin layinta, tsohuwar za ta aika a roƙi mai kwasar makon ta yi haƙuri a musanya. Abin da aka kwasa ba ya kwana a hannu: a sayi tunkiya a ɗaure don Layya, ko a ƙara jeren kwanuka da tasoshi, waɗanda ado ne a ɗaki, jari ne kuma ranar da ta ɓaci. Ba ruwa, ba takarda, ba tafiya mai nisa. Haɗarinsa ɗaya ne, kuma kowa ya san shi: wata ta kwasa da wuri ta daina zubi, ko uwar adashi ta taɓa kuɗin mutane. In haka ta faru, sai Mai Unguwa.

A kasuwa ma haka abin yake. Ƙaramin ɗan kasuwa da leburan da ya zo cirani sukan kai abin da suka samu wurin wani Alhaji mai shago, ya rubuta a littafi da ajami ko ma ya riƙe a ka. In damina ta kawo kai, ɗan cirani ya zo ya ce, “Alhaji, zan koma gida,” a ƙirga masa kuɗinsa, wani lokaci har a ɗora masa na mota.

Shekarun neman 'yanci sun zo da bankunan 'yan ƙasa, galibinsu a Legas, kuma mafi yawansu sun rushe da kuɗin jama'a a farkon shekarun 1950. Dokar banki ta farko sai a 1952 aka yi ta, Babban Bankin Najeriya kuma ya fara aiki a 1959. A daidai wannan lokaci gwamnatin Sardauna ta tsaya aka kafa Bank of the North, mai hedikwata a Kano, da rassa a garuruwan Arewa. Ga mutane da yawa na zamanin iyayenmu, shi ne bankin da suka fara shiga ba tare da faɗuwar gaba ba, don akawun da ke bayan kanta yana jin Hausa, wataƙila ma ka san gidansu. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka fara riƙe ɗan littafin ajiya, wanda ake rubuta shiga da fita da hannu a buga hatimi. Wasu kuma gidan waya suke kai nasu, don shi ma yana karɓar ajiya. A 1977 gwamnati ta tilasta wa bankuna buɗe rassa a karkara, amma da yawa daga cikin rassan tattara kuɗin ƙauye suka riƙa yi, rancen kuma ya tafi birni.

Abin da ya fi tura mutane banki, in za a faɗi gaskiya, ba talla ba ce, canjin kuɗi ne. An canza takardun kuɗi a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, fam ɗaya naira biyu. Sai kuma Afrilun 1984, lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun, ta rufe iyakoki, ta ba da ƙasa da mako biyu, ta kuma ƙayyade naira 5,000 ga mutum ɗaya sai in ya kawo takardar rantsuwa. Na raka baffana layin wani banki a wancan lokaci. Tun asuba muka je muka tarar da jama'a, wasu a nan suka kwana. A gabanmu akwai wani dattijo Bafulatani da ya zo daga ruga da ƙullin kuɗi a cikin salka. Da ya kwance, gefen takardun duk ya yi baƙi, wasu sun manne da juna, suna warin ƙasa. Yana ɓamɓare su ɗaya-ɗaya da farce, hannunsa na rawa. Baffana ya dafa shi ya ce, “Baba, a hankali, kada su yage.” Da yamma aka rufe ƙofa bai kai ga kanta ba. Shanu nawa ya sayar ya tara wannan kuɗi, Allah kaɗai Ya sani. Daga wannan shekara mutane da yawa suka gane cewa takardar da ke ƙarƙashin katifa ba tasu ba ce su kaɗai, mai bugawa yana iya kashe ta da sanarwa ɗaya a rediyo.

To, sun kai banki, sai bankin ma ya fara ba su tsoro. Bayan 1986 aka saki lasisi, bankuna suka haura 100, wasu ba abin da suke yi sai cinikin dala. An kafa hukumar inshorar ajiya, NDIC, a 1988, kuma ba ta daɗe ba ta sami aiki: a Janairun 1998 kaɗai an rufe bankuna 26. An ƙwace lasisin bankin Savannah a 2002. Gwamnatin Babangida ta kawo People's Bank a 1989 da bankunan al'umma a 1990, da nufin kusantar talaka, amma da yawansu ba su yi ƙarko ba. Duk wanda kuɗinsa ya maƙale a wancan zamani ya koma ya gaya wa 'ya'yansa, su ma suka riƙe. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

A 2004 Gwamnan Babban Banki Charles Soludo ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25. Bank of the North ya narke cikin Unity Bank tare da wasu takwas. Na yarda gyaran ya ƙara wa bankuna ƙarfi, amma Arewa ta yi asarar da har yau ba a mayar ba. Yanke shawarar wa za a ba rance ya koma hannun mutanen da ba su taɓa taka Kantin Kwari ko Dawanau ba, ba su san cewa kalmar wani ɗan kasuwa a can ta fi takardar fili ba. A 2009 kuma magajinsa a Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin manyan bankuna biyar a rana ɗaya, aka zuba kuɗin ceto don kada masu ajiya su tafka asara.

A gefe guda akwai wata hanya da ba ta da hayaniya, ita ce ƙungiyar gama-kai. Dokarta ta farko a Najeriya ta 1935 ce. Yau da wuya ka sami ma'aikatar gwamnati ko jami'a ko asibiti a Kano da babu irinta. Ana cire wa ma'aikaci wani abu daga albashi kowane wata kafin ya shigo hannunsa, in yana da buƙata a ranta masa daidai gwargwadon abin da ya tara, abokan aikinsa biyu su tsaya masa. Da azumi a sayo shinkafa da sukari da mai a raba, a riƙa cira a hankali. Na san malaman firamare da ba su taɓa samun rancen banki ba, amma da wannan suka sayi fili suka ɗora ɗaki. A ganina ita ce magajiyar adashi ta gaskiya. Sai dai a sani, kuɗin da ke cikinta ba shi da inshorar NDIC. Ƙarfinta gaskiyar shugabanninta ne da taron shekara da ake karanta lissafi a gaban kowa. Ƙungiyar da ta yi shekara biyu ba ta kira taro ba, a bincike ta.

Maganar ruwa kuwa sai a wannan ƙarni aka yi mata magani na sosai. Bankin Jaiz, wanda ba ya hulɗa da ruwa, ya buɗe a Janairun 2012 da rassa uku, Abuja da Kaduna da Kano, bayan an sha doguwar muhawara a ƙasa. Cikin waɗanda suka tsaya aka kafa shi har da marigayi Alhaji Aminu Ɗantata, ɗan wancan mai raƙuma. TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021. Na ga dattawan da suka shekara sittin ba su da asusu sun je sun buɗe.

Nisa kuma waya ce ta rage shi. An kawo lambar BVN a 2014, masu POS suka bazu har ƙauyukan da ba su taɓa ganin reshen banki ba. In ka lura, mai POS na bakin layinku ya ɗauki wani ɓangare na aikin Alhajin nan mai shago: ka san shi, ka san gidansu, yana nan har bayan isha'i. Sannan canjin kuɗi ya sake dawowa. A Oktoban 2022 aka sanar da sauya takardun 200 da 500 da 1,000, wa'adi 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Wannan karon abin ya juye: waɗanda suka kai kuɗinsu banki su ne suka rasa na cefane. Mutum yana da dubbai a asusu, yana sayen naira da naira a wurin mai POS, tura kuɗi ta waya kuma ya ƙi tafiya. Sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris a ci gaba da karɓar tsofaffin. A waɗannan makonni ne mai shayi da mai nama da mai kayan miya suka rataya lambar asusu, galibi ta OPay ko Moniepoint, don su ne kuɗi ke shiga nan take. Duk da haka binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna kusan rabin manyan mutane a Arewa maso Yamma ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi.

Yanzu in ƙanena ko ɗalibina ya tambaye ni inda zai buɗe asusu, ba na fara masa da sunan banki. Nakan ce ya fara tabbatar da cewa wurin yana da lasisin Babban Banki, kuma NDIC ta tsaya masa. Tun 2024 inshorar ta kai naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki. Amfanin wannan ya fito fili da aka rufe bankin Heritage a Yunin 2024, inda aka bi BVN aka tura wa mutane kuɗinsu a asusun da suke da shi a wasu bankuna. Wanda ba shi da asusu na biyu sai da ya bi layi da takardu. Nakan ce ya tambayi maƙwabtansa, ba mai talla ba: in kuɗi ya maƙale kwana nawa ake yi kafin ya dawo, kuma akwai ofishin da zai je ya zauna gaban mutum ya yi bayani da Hausa? Ya duba abin da ake yanka masa a wata, na saƙo da na kati da na turawa, don ga mai ƙaramin ƙarfi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya yi masa alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda kuwa, ya tuna da MMM da yadda ta ƙare a Disambar 2016.

Ga mai karatu, musamman mai iyaye a ƙauye ko mata a cikin gida da har yanzu ke ƙulle kuɗi a bakin zane: ka ɗauke su da kanka ka kai su a yi musu BVN, a buɗe musu asusu da sunansu, ba da naka ba. Ka koya musu kada su faɗa wa kowa lambar sirri, ko da ya kira ya ce daga banki yake. Kada ka hana su adashinsu, kuma kai ma kada ka tara duk abin da ka mallaka a wuri ɗaya.